Karatuna daga Zangon Kumasi zuwa Damagaram zuwa Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar firamare ce a nan Kano, kuma na daɗe ina son in ba da labarin yadda nayi karatu, dan wallahi duk sanda naji ana cewa wance daƙiƙiya ce ko wane baya ja sai inji raina ya sosu, saboda nima an faɗa min haka, kuma ba a ƙasa ɗaya ba.

A Kumasi ta ƙasar Gana aka haife ni, unguwar Aboabo, cikin zango. Asalinmu mutanen Damagaram ne, fataucin goro ya kai kakanmu can tun zamanin da ake cewa wane ya tafi Gwanja. Lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi a 1969 rabin danginmu suka tattara suka koma gida, Babanmu shi ya tsaya da mahaifiyarsa suka ci gaba da sana'ar. Toh a hannun wannan kakar tawa na fara koyon komai, kuma har yau ban zauna gaban malamin lissafin da ya kai ta ba duk da bata taɓa riƙe alli ba.

In an sauke goro daga daji a tsakar gida ake zube shi, mata su zauna su tsince. Hajiya zata zaunar da ni gefenta tace "zo nan kishiya, ba a cin tuwon gidan nan a banza", ta nuna min yadda ake ware fari daban ja daban, marsa manya gefe ɗaya, minu ƙanana gefe ɗaya, wanda ƙwaro ya taɓa kuma a fidda shi da sauri kafin ya ɓata sauran. Ƙirga kuwa biyar biyar ake yi, ka ɗebo biyar a hannu kace ɗaya, in ka kai ashirin an samu ƙwarya kenan, goro ɗari cif, sai a jefa guda ɗaya gefe a matsayin shaida. Daga baya in an gama a ƙirga na gefen a san ƙwarya nawa aka yi kafin a shimfiɗa ganye a ɗaure huhu. In na yi kuskure bata duka, sai dai ta zube min su tace sake, haka zan yi ta sakewa har ya fito daidai. Ban kai shekara bakwai ba na san in ƙwarya ɗaya sidi kaza ce to rabinta kaza ne, kuma na san in mai saye yana miki surutu da yawa so yake ki ɓata ƙirga.

Da safe kuma makarantar allo. Asabar zuwa Laraba muke zuwa, Alhamis da Juma'a hutu, ranar Laraba a ba mu kuɗin Laraba mu kai ma Malam. A barandar gidansa muke zama kan buhu, kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, wannan na babbaƙu wancan na farfaru wani ya fara haɗa baƙi, duk a wuri ɗaya kuma duk da ƙarfi ake yi. Wanda bai sani ba zai ce hayaniya ce kawai, amma Malam yana iya tsinto muryar yaro ɗaya da ya karkace a cikin wannan taron ya gyara masa ba tare da ya ɗago kai ba. Abin da na riƙe daga wajen shi ne ba a wanke maka allo sai ka iya. Ba ruwan kowa da shekarunka ko tsawonka, in baka biya daidai ba nan zaka kwana. Akwai bulala, ba zan ɓoye ba, kuma ban yarda da ita ba har yau, amma wannan tsarin na kowa da darasinsa sai da na girma na gane darajarsa.

Boko kam Baba baya so da farko. Yawancin makarantun da ke kusa na mishan ne, da safe ana waƙoƙin coci a fili, mutanen zango kuma suna tsoron a juya musu yara. Sai a 1987 gwamnatin Rawlings ta kafa sashen kula da ilimin Musulunci a ma'aikatar ilimi, aka fara tura malaman gwamnati cikin makarantun zango suna koyar da Turanci da lissafi, malaman Arabiyya kuma suna nasu. Anan ne Baba ya saki. Na shiga aji ɗaya ina ɗauke da 'yar kujerata a ka, malamar Ba'ashantiya ce mai kirki, tana magana da Turanci in taga mun yi zuru sai ta juya Tiwi, mu kuma yaran zango muna jin Tiwi tunda da shi ake ciniki a kasuwar Kejetia. Da haka na fara gane haruffa, na fara haɗa ƙananan kalmomi, har ina karanta allon shaguna a hanya ina jin daɗi.

Ana cikin haka Allah Ya yi ma Baba rasuwa a 1989. Bayan Inna ta fita takaba Baffanmu ya zo daga Damagaram ya kwashe mu, Hajiya tace ita ta tsufa ba inda zata, nan muka rabu kuma ban sake ganinta ba. Ta Tamale da Bolga muka bi, muka ratsa Burkina, Yamai, Doso, Ƙonni, Maraɗi, har Zinder, wato Damagaram.

Anan ne na san me ake nufi da a mayar da mutum baya. Shekarata goma, amma tunda ba Faransanci ko kalma ɗaya a bakina sai aka rage min shekaru a takarda aka sa ni CI, wato ajin farko, tare da yara 'yan shekara bakwai da na fi su tsawo da kai guda. Ajinmu ma ba gini bane, rumfar zana ce, ba a kafa ta sai an gama girbi an samu kara, in iskar hunturu ta taso ƙura ta cika mana ido da ɗan allon rubutun da muke riƙewa, in damina ta faɗi kuma shikenan karatu ya tashi. Shi yasa ranar da naji labarin gobarar da ta cinye irin waɗannan azuzuwan a Yamai a watan Afrilun 2021, yara wajen 20 suka mutu, sannan a Nuwamban shekarar aka sake a Maraɗi sama da 20 suka tafi, na zauna nayi kuka sosai, dan na san zanar nan, na san yadda take bushewa, na san ƙofa ɗaya ce ƙarama kuma yaran a cunkushe suke.

Daga ranar farko Mushe, wato malaminmu, Faransanci yake yi, kuma an hana Hausa a cikin makaranta. Akwai wani ƙashi da aka ɗaura ma igiya, sambol ake ce masa, duk wanda aka ji ya yi Hausa sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda ya tashi da shi a ƙarshen yini shi ke shan duka. Toh ni ga Hausata ta zango ma dariya take ba su, nakan ce ma mace "ya zo", suna ce min 'yar Gana. Sai na ɗauki hanya mafi sauƙi, na rufe bakina gaba ɗaya. Na fi wata nawa bana cewa uffan a aji. Mushe ya faɗa ma Baffa wai yarinyar nan kanta a toshe yake, gara a bar ta a gida.

Abin da ke min ciwo har yanzu shi ne lissafi. In an tashi da rana ni ke ɗaukar farantin ƙosai da na gyaɗa na matar Baffa, ranar Alhamis kuma har Kasuwar Dole nake kaiwa. Wanda ya san Nijar ya san ba da faran ake ciniki ba, da dala ake yi, kuma dala ɗaya faran biyar ce. Kuɗin da aka rubuta 100 a jikinsa dala ashirin ne, na 500 dala ɗari, na 1000 jika. Kenan duk yarinyar da ke talla a Damagaram tana ninkawa da biyar tana rabawa da biyar a kanta tun safe har dare, ba takarda ba biro, kuma ni da na taso da ƙirgan goro biyar biyar cikin sati ɗaya na kama, ba wanda ya taɓa cuta ta ko ta dala ɗaya. Amma da safe in Mushe ya rubuta tambaya a allo, wai yaro ya sayi abu kaza an ba shi canji kaza, sifili nake ci. Ba lissafin ne ya gagare ni ba, tambayar ce ban san me take cewa ba. Kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ni da Hausa ya ga ko na sani.

Wanda ya cece ni ɗan Baffa ne da ke koleji, Yaya muke ce masa, Allah Ya jiƙansa. Da dare in ya kunna fitilar ƙwai zai yi nasa karatun sai ya kira ni yace "ƙanwata kawo kayenki mu gani", wato littafin rubutuna, ya karanta tambayar ya faɗa min ma'anarta da Hausa, kafin ya rufe baki na ba shi amsa. Ranar farko sai da ya ajiye littafin ya kalle ni, ya kira Baffa yace Baba yarinyar nan fa ta fi ni lissafi. Daga nan kullum sai ya ba ni kalmomi kaɗan, wannan shi ne saya, wannan shi ne saura, wannan shi ne kowanne, ina haddace su yadda nake haddace allo. Kafin shekara ta zagayo na koma cikin na gaba gaba a aji, Mushen da yace kaina a toshe yake shi ke tura ni allo in nuna ma sauran.

Sai bayan na girma na samu labarin cewa a cikin garin Zinder ɗin nan tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji da ake fara koya ma yara karatu da Hausa kafin a shigo da Faransanci a hankali. Gari ɗaya muke, ni ina can ina ɓoye bakina saboda ƙashi.

Sai rediyon Baffa. Wannan akwatin shi ya buɗe min duniya fiye da duk wani littafi da aka ba mu. Da asuba BBC, da rana Jamus, da dare Muryar Amurka da Kaduna, mu yara muna gefe muna tsince wake muna ji. A sati ɗaya cikin Fabrairun 1990 naji an harbe ɗalibai a gadar Kennedy a Yamai, naji kuma an saki Mandela daga kurkuku, na dame Yaya da tambaya har sai da ya zana min taswirar Afirka a ƙasa da tsinke ya nuna min inda muke da inda Kumasi take da inda Mandela yake. Shekarun da suka biyo baya yajin aiki ya yi yawa, malamai ba albashi, a buɗe makaranta yau a rufe gobe, yawancin abin da na sani na tarihi da ƙasashe a lokacin daga bakin masu karanta labarai na same shi.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kaya suka yi tsada, gidan ya shiga matsi. Ina CM1, wato aji biyar, aka ce in dakata in taimaka da talla, saura shekara ɗaya in zauna jarabawar satifiket. Ban koma ba. Shekara ta gaba aka yi min aure aka kawo ni Kano.

A Kano na sake komawa jahila a idon mutane. Turancin Kumasi ya gudu, Faransancin ba mai ji, takardar asibiti ma sai an karanta min. Har Hausar da nake yi tun haihuwa ban taɓa ganinta a rubuce da boko ba. Wata maƙwabciyata ce ke karɓo littattafan Hausa na haya daga shago tana karanta mana da rana in an gama aiki, rannan tana tsakiyar labari aka kira ta, na ɗauki littafin dan na ƙagu inji ƙarshe, sai naga ai haruffan nan na san su, kawai dai in furta su yadda suke ne, ina furtawa ina jin maganar da na sani tana fitowa. Wallahi jikina har rawa yake. Shekara da shekaru ina karanta abin da bana ji, ranar ce farkon da na karanta shafi guda na fahimci kowace kalma a ciki. Cikin 'yan kwanaki na koma ni ke karanta ma matan gidan.

Maigidana, Allah Ya saka masa da alheri, shi yace tunda haka ne ki shiga makarantar matan aure. Kano tana da hukumar ilimin manya tun 1980 zamanin Abubakar Rimi, kuma a irin ajinta na zauna da goyo a baya, gefena tsohuwa mai jikoki gefena amarya. Daga nan sakandaren mata, na rubuta NECO, nayi NCE ina da yara huɗu. Ba zan ce da sauƙi ba, akwai dangin miji da suka yi ta magana, akwai ranar da nake fita ban bar ko na cefane ba, amma dai an yi.

Da na fara koyarwa sai na tarar da kaina a aji na huɗu mai yara sama da ɗari a ƙasa kan siminti, littafin Turanci a hannuna, manhaja tace in koya musu abin da rabinsu ba za su iya karanta kansa ba ma. Kana magana kamar kana zuba ruwa a kwando. Bankin Duniya ya fitar a 2022 cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi a shekara goma, ni ban buƙaci a faɗa min ba, ina kallonsu kullum, kuma cikinsu akwai masu sayar da awara da rake da ke ba da canji daidai ba sa kuskure. A wani taron horar da malamai aka nuna mana wata hanya da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da ita, a gwada kowane yaro shi kaɗai, a raba su ba bisa aji ko shekaru ba sai bisa inda kowa ya tsaya, masu harafi daban, masu kalma daban, masu jimla daban, kuma da harshen da suke ji, ba a matsar da yaro gaba sai ya iya. Ina zaune ina ji nace a raina ai wannan barandar Malam ce ta Aboabo, an cire bulala kawai. Na gwada a ajina, yaran da aka fidda rai da su suka fara karanta Hausa cikin zangon karatu ɗaya, kuma Turancin ma ya fi shigarsu bayan nan.

Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu aka koma darasi ta rediyo, na riƙa tara yaran layinmu a soro muna saurare tare, in mai gabatarwa ya wuce da sauri in sake musu bayani. Babban ɗana ne ya nuna min a waya cewa a Ostireliya tun 1951 aka fara koyar da yaran makiyaya da ke nesa da gari ta rediyo daga Alice Springs, a Bangaladash kuma inda ambaliya ke raba yara da makaranta jirgin ruwa aka mayar aji yana bi ƙauye ƙauye yana ɗaukarsu. Abin ya burge ni kuma ya ba ni haushi a lokaci ɗaya, dan su sun duba inda yaransu suke sun kai musu karatun can, mu kuma yaro na kasuwa ko tsangaya ko bayan shanu sai mu rubuta shi cikin waɗanda basu san komai ba mu wuce.

Maganar harshe kuwa ni bana jin ta a matsayin gardamar 'yan boko, a jikina na ɗanɗana. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya yi gwaji a Ife, aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma basu gaza takwarorinsu ba har a Turancin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a firamare, mun yi murna, amma littattafai da horon malamai basu iso yadda ya kamata ba, a ƙarshen 2025 kuma aka ce an soke an koma Turanci. A shekarar 2025 ɗin ce kuma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ni ina son yarana su iya Turanci sosai, da shi za su rubuta jarabawa su nemi aiki, kuma ina koya musu shi da iya ƙarfina. Amma ba zan tsaya gaban ɗan shekara shida in yi ta yi masa magana da abin da baya ji ba sannan in rubuta a katinsa cewa baya ƙoƙari. In an shigo duba aiki a same ni ina bayani da Hausa, na shirya amsa tambaya.

Ajin soron nan bai tashi ba bayan korona, har yanzu muna yi tsakanin magariba da isha'i. Masu zuwa yawanci 'yan talla ne in sun dawo, da almajirai uku na tsangayar bayan layinmu da malaminsu ya yarda su riƙa zuwa bayan naje na gaishe shi na yi masa bayani. Duk wanda ya zo sabo bana fara masa da harafi, tambayarsa nake me kake sayarwa, nawa ka fito da shi, nawa ka koma da shi, ko a wace sura kake, in bar shi ya nuna min abin da ya iya tukuna a gaban sauran. Akwai wata yarinya da rikicin 'yan bindiga ya koro iyayenta daga Zamfara, shekararta sha ɗaya bata taɓa shiga aji ba, tana sayar da dafaffen ƙwai a tasha, yanzu tana karanta shafi guda na Hausa ba tsayawa. Ina so in sa ta a makarantarmu aji huɗu, na yi magana da hedimasta ya amince, yunifom ɗin 'yata na nan zai yi mata. Mahaifinta ne yace min "Malama, kuɗin ƙwan nan da shi muke cin abincin dare", kuma gaskiya ya faɗa. Mun tsaya a kan ta riƙa zuwa da safe ta fita tallan da yamma, yace in bari ya yi shawara da uwarta zuwa bayan sallah. Zan koma in ji.